Wasa a Bolan

Ranar wata Talata bayan kaka, sandar tuƙin motata ta rabu a kan hanyar Cadawa, matata Lubabatu ta rasu kafin azahar.

Motar a-kori-kura ce, fara, tsohuwa, wadda na saya da na bar koyarwa a lakol ɗin Gazawa. Shekara talatin da ɗaya ina gyara wa 'ya'yan mutane magana, da na gama sai na koma jigilar buhunan aya. Mutane ba su daina ce mini Mushe Ɗahiru ba, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ni ma ban daina gyara musu magana ba.

Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa, kowa da abu ɗaya a bakinsa: kwana ya ƙare. Ban musa ba. Amma akwai abin da nake son in gani da idona, kuma yana garejin Balarabe a Agye, inda jandarma suka sa aka ja motar. Ina son in san ko abin da Lubabatu ta faɗa da safen nan shi ne ya kashe ta.

Lubabatu 'yar direban babbar mota ce, daga wajen Jibiya. Ta tashi tana miƙa wa ubanta sifana, don haka mota ba ta yi mata ƙarya. Ita takan ce sitiyari kamar mutanen can, ni in ce bolan kamar yadda muke cewa a nan. Shekara ashirin da takwas muna wannan gardama, babu wanda ya sauka.

Da safen, masu dako suna lodi a ƙofar gida, ta fito da shirin zuwa barkar ƙanwarta a Cadawa. Ta zura hannu ta taga, ta kama bolan da yatsa biyu, ta kaɗa shi hagu da dama. Ta leƙa tayar gaba. Tayar ba ta motsa ba.

Ta ce, "Malam, sitiyarin nan yana wasa."

Ɗaya daga cikin masu dakon ya ce, "Mushe, yau Hajiya za ta ja mu ke nan?" Sauran suka kwashe da dariya.

Na ce, "Na farko, bolan ake cewa. Na biyu, wasa na yara ne. Ƙarfe ko dai yana da lafiya ko ba shi da ita."

Ta ce, "To, bolan ɗinka yana wasa. In mun kai Agye ka tsaya wajen Balarabe."

"In mun dawo."

Da muka iso Agye ban rage gudu ba. Ta juya kai ta bi garejin da kallo har ya ɓace, sannan ta gyara kwanon tuwon barka a cinyarta. Can gaba, a wata kwana mai rami, na ji ƙas a ƙarƙashin ƙafafuna. Na murɗa bolan, ya juya a hannuna kamar faifai, motar ta ci gaba da tafiyarta har ta daki wani gawo a bakin hanya. Gawon yana gefenta. Ni haƙarƙari biyu kawai na karye.

Bayan arba'in na je Agye. Balarabe sa'ana ne, mai gajeren gemu, kuma duk ranar da muka haɗu sai ya tsokane ni. Wannan karon ya share mini benci da hularsa. Ya riga ya miƙar da gaban motar, ya sa gilashi, ya samo wata sandar tuƙi daga motar da aka farke a Maradi.

Ya ce, "Ga ta nan, Mushe. Ka tahi da abinka. Allah ya jiƙan Hajiya."

Na ce, "Amin. Ina tsohuwar sandar?"

"Na yar."

"Balarabe, kai da ke ajiye ƙusar da ta lanƙwashe?"

Ya yi tsaki a hankali, ya shiga rumfa, ya fito da ƙarfe biyu ya aza a kan benci. Ya nuna mini yadda sandar ke saukowa daga bolan zuwa akwatin da ke juya tayu. A tsakiyarta akwai gaɓa, kamar gwiwar hannu, wadda suke kira kardan. Cikin gaɓar akwai wani ɗan ƙarfe mai kai huɗu, bai fi babban yatsana ba. Kai biyu sun cinye, sun yi sumul, na uku ya guntule.

Ya ce, "Rairayi ne. In robar da ke rufe shi ta yage, rairayi ya shiga, ya dinga ci. Ƙasarmu ba ta ƙaunar ƙarfe."

"Rana ɗaya yake karyewa?"

Ya dubi ƙasa. "Komai da lokacinsa, Mushe."

"Wa'azi na sha shi kwana arba'in. Makanike na zo tambaya."

"A'a. Ba rana ɗaya ba. Sai ya yi je tukuna."

"Ya yi me?"

"Je. Haba Mushe, kai ne mai Faransanci. Haka maigidana ya koya mini a Maradi. In ka kaɗa bolan taya ba ta amsa ba, ya yi je ke nan. 'Yan Najeriya su ce yana wasa."

Na san kalmar. Na rubuta ta a allo ya fi sau ɗari, na sa yara su maimaita, na buge hannun waɗanda suka manta ma'anarta. Ma'anarta wasa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa tunanin masu ƙera motar ma haka suke cewa ba.

Na ce, "Daga fara wasan zuwa karyewa fa?"

"Wata guda, wata biyu. Ya danganta da hanya."

"Gyaran?"

"Kafin a sauke shayi na biyu an gama." Ya ji abin da ya faɗa, ya yi saurin ƙarawa. "Amma ba kowa ke lura ba. Wani direban har ya karye bai ji komai ba. Kai ba ka ji komai a hannunka ba, ko?"

Ya buɗe mini ƙofa ne, mutumin kirki. Na bi ta.

Na ce, "Ban ji ba."

"To ka gani."

Na karɓi makulli. Sabuwar sandar ta kama sosai, ko numfashi na yi a kan bolan sai tayu sun amsa. Aiki mai kyau Balarabe ya yi, na kuwa ji haushinsa har Gazawa. Na ajiye motar a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na kashe, na zauna a ciki. Balarabe ya canza kujerar gefe ma, ya sa wata shuɗiya da ba ta dace da komai ba.

Mako uku kafin ranar hatsarin, a hanyar Gidan Rumji, bolan ya fara yi mini sako-sako. Na ji ƙwas-ƙwas ɗinsa a tafin hannuna duk inda hanya ta yi gargada. Na yi ta ɗagawa, yau lodi, gobe kasuwa. A Talatar nan, tun da na idar da sallar asuba na ƙudura zan tsaya wajen Balarabe, ko da za mu makara barka. Sai ta riga ni faɗa, a gaban masu dako, da kalmar da na ɗauka kuskure ce.

Daga Agye zuwa kwanar nan tafiyar minti goma sha biyar ce, kuma duk tsawonta maganar tana bakina. Ina jira ne fushina ya ɗan sauka.

Ni ma na ji shi, Lubabatu, tun kafin ke. Da niyyar tsayawa na fito.