Muryar da Idrisu Ya Ji a Ƙofar Kamfani

Idrisu ya yi shekara goma sha huɗu a soja kafin ya ajiye kaki ya kama tuƙin tirela. Ranar wata Talata da hantsi ya kawo buhunan ɗanyar roba wani kamfani a Sharaɗa, ya tarar motoci sun cushe ƙofa. Maigadi ya matso da oba-obarsa a hannu, wani yana ba shi umarni daga ofishin sama.

"Ce wa mai jar motar nan ya yi hagu. Hagu kaɗan. Yawwa, ɗan'uwa, miƙe abinka, ina ganinka."

Idrisu ya taka birki da ƙarfi har buhunan baya suka motsa. Ya san muryar nan.

Shekara takwas da suka wuce, shi da abokan aikinsa, su goma sha biyu, suka ɓace a dajin bakin Tafkin Chadi. Motarsu ta kafe a taɓo, mahara kuma sun tare musu hanya. Sai ga wani ɗan ƙaramin jirgin leƙen asiri mai farfela ɗaya, ko bindiga babu a jikinsa, yana shawagi ƙasa-ƙasa. Matuƙinsa ya shigo rediyonsu da Hausarsa ta mutanen Jos. Awa biyu yana nuna musu inda za su sa ƙafa, ana harbinsa yana dawowa. Da suka isa tudu, suka ga jirgin ya yi yamma yana hayaƙi. Bayan nan aka rarraba su, Idrisu bai taɓa jin ko mutumin ya rayu ba.

Ya diro daga mota, ko kashe ta bai yi ba.

"Wane ne wannan mai magana?"

"Oga Sila ne, manajan sufuri," in ji maigadi. "Malam, ina za ka? Motarka fa!"

Idrisu ya riga ya kai matakala. Bibbiyu yake hawa. A ofishin ya tarar da wani siririn mutum mai furfura a gemu, tsaye a bakin taga, ya dogara da sanda.

"Yallaɓai, ku gafarce ni. Kun taɓa tuƙa jirgin soja?"

Sila ya dube shi sama da ƙasa. "Na taɓa. Lafiya?"

"Bakin tafki, ƙarshen damina. Mutum goma sha biyu a cikin taɓo. Ni ne kofur ɗin da ke riƙe da rediyo!"

Oba-obar ta kusa suɓucewa daga hannun Sila. "Kai ne mai ce mini 'to, to' kamar ana aikenka kasuwa?"

"Ni ne, wallahi ni ne!"

Idrisu ya ƙame zai sara masa, Sila ya jawo shi ya rungume. Suna dariya, hawaye yana zuba, akawun ofis ya saki baki yana kallonsu.

"Mun ga hayaƙi, yallaɓai. Mun ɗauka kun tafi."

"Saura ƙiris. Harsashi ya shiga ta ƙasan kujera ya fasa mini gwiwa, mai kuma yana tsiyaya. A gonar wake na sauka, mai gonar ya kai ni gari a amalanken shanu." Ya riƙe hannun Idrisu. "Gaya mini gaskiya. Akwai wanda kuke ɗauke da shi a kafaɗa. Ya kai?"

"Isyaku! Ya kai. Yana Haɗeja yana sayar da kifi, 'ya'yansa huɗu."

Sila ya zauna a kujera ya rufe fuska da tafin hannu. "Na gode wa Allah," ya ce. "Kullum sai na tuna da shi."

A ƙasa direbobi sun cika unguwa da hon, don tirelar Idrisu ta toshe ƙofa gaba ɗaya. Shi kuwa yana ta laluben lambar Isyaku a wayarsa. Da aka ɗauka bai ko yi sallama ba.

"Isyaku, zauna in kana tsaye! Ga mai jirgi!"

Ihun da ya fito daga wayar har akawu ya ji shi.

Ranar Asabar mutum biyar daga cikinsu suka hallara a gidan Idrisu a Na'ibawa. Matarsa Zuwaira ta yi dambun shinkafa, Isyaku ya zo da kwali guda na bandar tarwaɗa. Sila ya zo da matarsa Ladidi, wadda sai ranar ta ji labarin daga farko har ƙarshe, don shi bai taɓa ba ta ba.