Anti a Ajin Manya

Inna ta gindaya sharaɗinta tun ranar da aka fara maganar shigar 'yarta Auta jami'a. Tana zaune a tabarma, tana murza man zafi a gwiwa.

"Auta, zan riƙe miki takwarata har ki gama. Amma fa sau ɗaya. Gwiwoyin nan ba za su kai digiri biyu ba. In za ki zaɓa, ki zaɓa da kyau."

Auta ba ta yi musu ba. Maigidanta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. 'Yarsu Ummi ba ta daɗe da yaye ba, ga ciwon ƙirji, sanyi kaɗan sai tari. In ba Inna ba, babu hannun da Auta za ta bar ta a ciki hankalinta ya kwanta.

Aikinta a wata makarantar kuɗi yake, mataimakiya a ajin ƙananan yara da ke ƙasan bene. Anti suke kiranta. Tana share majina, tana ɗaure igiyar takalmi, tana raba faɗa a kan fensir, Ummi na wasa a gefen ƙafarta. Abin da take so shi ne ta hau sama, wajen 'yan sakandare, ta koyar da ilimin zamantakewa, wanda yara ke ce wa Soshiyal. Tun tana ɗaliba shi ne darasin da ba ta taɓa gyangyaɗi a cikinsa ba.

Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta karanta kimiyyar siyasa, ko ta shiga tsangayar ilimi ta yi digirin koyar da Soshiyal, inda ake tura ɗalibi wata makaranta ya yi koyarwar gwaji, malamai na zaune a bayan aji suna duba shi.

Yaya, babban wansu, ya riga ya zaɓa mata.

"Siyasa za ki yi. Kin ga dama ki koyar, kin ga dama ki shiga ofis. Wai a koya miki koyarwa? Ke da kike cikin yara tun safe har la'asar? Wannan ai kin gama shi a aikace. Ilimin ne ya rage miki."

Maganar ta shige ta. Ita ma tana ganin in dai riƙe aji ne, ba ta da matsala.

Duk da haka, Auta ba ta sayen ko takalmin Ummi sai ta gwada. Ranar Laraba da aka fita tara, ta hau bene wajen malamin Soshiyal, wani dogon dattijo da ake ce wa Malam Taswira saboda kullum da naɗaɗɗiyar taswira a hammatarsa. Ta faɗa masa abin da ke tafe da ita.

"Ba zan zaɓa miki ba, 'yata," in ji shi. "Amma gobe ina da 'yan aji uku. Haƙƙin ɗan ƙasa da nauyin da ke kansa. Zo ki ɗauka, ni ina baya."

Ta shirya sosai. Ta karanta babin har ta haddace, ta tanadi misalai daga layin famfo da na asibiti. Washegari ta bar Ummi wajen malamar ajinsu, da maganin tari a jaka da bayanin yadda ake ba ta, sannan ta hau.

Ajin ya fi nata tsawo, kujerun ma haka. Wasu daga cikin samarin da ke baya har sun fara gashin baki. Ta rubuta kan darasin a allo, ta ajiye littafi, ta tafa hannu sau biyu, bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗa kowace safiya kafin a fara komai.

"To yarana, wa zai zaga bayan gida? Ya je yanzu, ba na son a katse ni."

Suka kalli juna. Sai wani daga baya ya ɗaga hannu a hankali, fuskarsa ba alamar wasa.

"Anti, ni."

"Ni ma, Anti."

"Anti, ni tun jiya nake riƙe da shi."

Hannuwa suka tashi ko'ina. Ta riga ta bayar da izini, ba ta san yadda za ta janye ba. Suka fita a layi, suna gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Da ta ce sauran su dakata, wata yarinya mai tabarau ta nuna allo.

"Anti, ai haƙƙinmu ne. Ga shi can kin rubuta."

Waɗanda suka fita ba su dawo ba. Waɗanda suka rage ta ce kowa ya ɗora yatsa a baki, suka ɗora, kafaɗunsu na rawa don dariya. Misalin layin famfo bai samu fitowa ba har aka kaɗa ƙararrawa.

Malam Taswira ya taso yana gyara taswirarsa.

"Babin kam kin san shi, har kin fi littafin. Ni labarin ƙasa zalla na karanta. Ranata ta farko sun kulle ni a waje, suka ce iska ce. Sai da na koma aji da furfurata na koyi aikin nan, lokacin ina da mai riƙe min gida. Ke kina da shi?"

"Sau ɗaya," ta ce.

Bai gane ba, ita kuma ba ta tsaya bayani ba. Ta jiyo tarin Ummi daga ƙasa.

Da yamma Yaya ya zo gaishe da Inna, ya tarar an gama magana.

"Tsangayar ilimi? Auta, ofis fa?"

"Ban taɓa cewa ina son ofis ba, Yaya. Aji nake so, kuma yau aji ya watse a hannuna. Gara ya watse ina ɗaliba, da mai gyara min a baya, da ya watse na riga na cinye gwiwoyin Inna."

Da ta ba su labarin bayan gida, Yaya ya yi dariya har ya cire hula. Inna ba ta yi ba. Ta jawo Ummi ta ɗora a cinya, ta kara kunne a bayanta tana sauraron numfashinta.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To nuna min yadda ake auna maganin nan tun yanzu, kafin ki fara guje-guje."

Auta ta ɗauko kwalbar da cokalin, ta durƙusa kusa da ita.