Kafasita Masu Ciki

Allon kwamfutar gidanmu ya koyi mulki. Sai an hura masa iska mai zafi ta baya da na'urar busar da gashina kafin ya ga dama ya kawo haske. Ranar da ya ƙi tashi ko da zafin, na ce gobe mai sayen tsofaffin ƙarafa zai yi gaba da shi.

Maigidana bai ce uffan ba, shirun kuwa ya yi mini ciwo. Gyaran kayan lantarki ne sana'arsa tun kafin ya aure ni. Da hannunsa na dama ya fara rawa bara, sai ya rufe shago, ya tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado, ya koma zaman kallon bango. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya bar ni in yi barci saboda surutu.

Na jawo akwatin nan, na dire shi a kan teburin cin abinci.

"Baban yara, ka buɗe mana shi mu ga abin da ke damunsa."

"Da wane hannun?"

"Da nawa. Kai dai ka kawo bakin, tunda shi lafiyarsa ƙalau."

Ya harare ni, amma ya jawo kujera. Na cire filogi, na kwance sukurori, muka ɗaga murfin baya. Ya hana ni taɓa komai sai da ya nuna mini yadda ake sauke ragowar wutar da ke maƙale a ciki. Daga nan ya ɗora tabarau a kan hanci, ya nuna wasu ƙananan abubuwa masu kama da gwangwani a jikin faifan da ke raba wuta.

"Waɗannan su ne kafasita. Mai lafiya kansa a shafe yake. Dubi ukun nan."

Kawunansu sun kumbura, ɗaya har ya yi tsatsa a baki.

"Mu a shago masu ciki muke ce musu," in ji shi.

Dariya ta ƙwace mini. Ni da na ƙare aikina a ɗakin haihuwa na asibiti, na yi ritaya don in huta, ga shi masu ciki sun biyo ni har teburin cin abinci.

"Ashe aikinki ne, Ungozoma," ya ce. "Sai ki wanke hannu."

Ya tono sababbi daga akwatin. Na ɗauki ƙarfen narka dalma, ya yi ta ba da umarni kamar shi ya haife ni. Kada ki daɗe a wuri ɗaya. Ja a hankali. Ba haka ba, baiwar Allah. Na fitar da ukun lafiya, na dasa biyu. Ina shirin manna na ƙarshe ya cafke wuyan hannuna.

"Tsaya. Kin ga farin layin da ke gefensa? Dole ya fuskanci alamar da ke jikin faifan. Kin sa shi a juye. Da kin kunna, da ya fashe mana a fuska."

"To, ɗa ne ya zo ta ƙafa. Ai na saba."

Na juya shi, na ɗiga dalma. Muka mayar da murfi, na danna maɓalli. Haske ya kawo nan take, ba lallashi.

Ya daɗe yana kallon allon. Farin ciki ya cika ni. Can ya jawo faifan wani tsohon rediyo daga ƙasan akwatin, ya duba, ya ajiye.

"Dalmarki ta yi yawa," ya ce. "Amma hannunki ba laifi. Gobe ki ce wa maƙwabcinmu ya kawo talabijin ɗin nan da yake ta yi mini naci a kanta. Ki gaya masa mun dawo aiki."