Alkamar Rakiyar Baba Milutin

"Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar mai gadi," in ji Baba Milutin daga kan gado, muryarsa can ƙasa-ƙasa.

Radivoje ya jawo kujera. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, amma kwana uku ya yi yana haɗa maganar da ta kawo shi, tun da likita ya ce tsohon ba zai ga girbi ba.

Shekara uku ke nan, da bikin 'yarsa ya matso, Radivoje ya rubuta wa 'yan duba-gari takarda ba suna, cewa tulin kashin shanun maƙwabcinsa ya dami unguwa da wari da ƙuda. Aka ba tsohon kwana goma ya kwashe. Gonarsa tana hayin kogi, ga ciwon baya, sai ya ɗauki baro ya juye takin nan kaf a gonar Radivoje da ke bayan gida, ya ce ƙasar ta gaji da cin takin buhu zalla, ta yi tauri kamar daɓe. Daga baya ya sayar da shanun duka biyu.

Radivoje ya watsa rabin takin zamanin da ya saba, kamar yadda tsohon ya ce, alkama kuwa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Shi kuma gogan naka ya zauna a mashaya yana cika baki, wai sabon takin kamfani ya samo. Kai, ɗan Adam!

Yau ya zo ne don ya gaya wa tsohon cewa shi ne ya rubuta takardar. Ya buɗe baki ke nan tsohon ya riga shi. Ya ce ƙarfin takin nan ya kusa ƙarewa, ya nemi na tumaki tun kaka, ya bar shi ya ruɓe sosai kafin ya kife ƙasa a kai, na buhu kuma sai dusar ƙanƙara ta narke.

"Baba, akwai maganar da…"

"Gobe. Yau na gaji, ɗan nan."

Wallahi har daɗi Radivoje ya ji, kuma wannan daɗin ne ya fi ba shi kunya. Washegari da hantsi aka buga ƙararrawar coci: tsohon ya cika.

Inna Desanka, matar marigayin, ta sami Radivoje a tsakar gidansa da kwano a hannunta. Alkama take so, wadda za a dafa da sukari da goro-bature, ɗan itacen nan mai kama da gyaɗa, a raba a bakin kabari kamar yadda aka saba. Tasu ta bara duk ta yi ƙanana, ba ta dafuwa da kyau.

"Shi ya ce a karɓo taka," in ji ta. "Wai ita ce ta ci arzikin shanunsa."

Radivoje ya cika kwanon har yana zuba. Bai iya kallonta ba ya tambaya ko tsohon ya san wanda ya kai ƙara.

"Haba Radivoje, mu da muka ga ranar haihuwarka? Tun ran nan ya sani. Cewa ya yi a ƙyale ka, biki gare ka."

A maƙabarta aka miƙa wa kowa cokali ɗaya. Mutane suka ci, suka yi addu'a, suka fara watsewa. Radivoje na tsaye gefen sabuwar ƙasar, hula a hammata, yana ta taunar alkamar, ta ƙi wucewa.