Ƙarar Da Ke Cikin Gwaggo

"Mama, idan Baba ya sayar da Gwaggo, ke ma zai sayar da ke in kin tsufa?"

'Yata ce, shekararta biyar, muna kiranta Lauya saboda tambaya. Gwaggo kuwa babbar motar mijina ce, da ita yake ɗaukar kaya, ita ke ci da mu. Ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba.

Na ajiye ludayi na ce, "Wa ya ce za a sayar da ita?"

"Mai hular nan da ke zuwa da tsinken sakace a baki."

Dillali ke nan. Wata biyu aiki ya tsaya, sai a yi mako guda ba a kira Baban Lauya lodi ko ɗaya ba. Shi kuma dillali kullum yana ƙofar gida da hoton wata farar mota a waya. A ba da Gwaggo, a karɓi sabuwa, sauran a riƙa biya duk wata. Da me? Ni na san abin da ke cikin buhun shinkafarmu, na kuma san jaririn da ke bayana ba hoton mota zai sha ba.

Na yi wa Baban Lauya magana sau biyu, ya ce mini, "Maman yara, harkar mota ce, ba ki gane ba." Sai na yi abin da na gane. Mota ba ta sayuwa sai da takardu. Na kwashe su daga ƙasan akwati, na cusa a gwangwanin madara tare da makullin safaya da ke cikin jakarsu, na hau kan mota da rana yana barci, na tura gwangwanin can bayan kujera. Wa zai nemi takardun mota a cikin mota?

Kwana uku bayan nan ya samu ɗan lodin siminti. Ya dawo fuska a murtuke.

"Gwaggo ta fara ƙara."

"Wace irin ƙara?"

"Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Daga ciki take fitowa, har a bayana nake jin ta."

Wallahi ko kaɗan raina bai kawo komai ba. Har jaje na yi masa.

Direban da ba shi da aiki kunnensa buɗewa yake yi. Da safe ya tayar da inji ya kwanta a ƙarƙashi, ya fito baƙi ƙirin, ya shiga ciki, ya kashe, ya sake tayarwa. Ya canja mai. Ya ɗaure salansa. Abinci ma sai ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Ki ji, har yanzu ina jin ta." Dillali da ya saurara sau ɗaya, sai ya cire tsinke daga baki ya girgiza kai.

"Oga, wannan inji gab yake da bugawa. Yau mota gare ka, gobe sai dai 'yan gwangwan su auna ta a sikeli."

Ranar Asabar aka sa za a yi ciniki. Baban Lauya ya kira tsohon bakanikensa, wai ya duba ta duban ƙarshe. Shi kuma ya shiga ɗaki neman takardu. Ina tsakar gida ina wanki, ina jin akwati na faɗuwa, katifa na tashi.

"Maman yara! Kin ga jakar takardun nan?"

"Jakar na nan a akwati," na ce. Ban yi ƙarya ba, jakar na nan.

Na leƙa waje. Bakanike ya tayar da mota, ya kafa kunne a inji, ya taɓe baki. Ya hau ciki ya zauna, ya taka, ya saki. Sai na ga ya juya, ya zura hannu bayan kujera har kafaɗa. Nan take na tuna da gwangwanina.

Ya sauko da gwangwani, ya kaɗa shi a kunnen dillali. Ƙwas-ƙwas-ƙwas.

"Ga injinka da zai buga, Malam. Na madara ne."

Gwaggo na tsaye tana gurnaninta na kullum, lafiya ƙalau. Baban Lauya ya fito da gumi, ya karɓi gwangwanin, ya buɗe. Ya dubi takardu, ya dubi makulli, sannan ya waiwayo a hankali. Lauya ta ce, "Lah, gwangwanin Mama!"

Dillali ko kunya babu, ya tafa hannu. "Alhamdulillahi, ga takardu ma sun fito! Sai mu zauna."

Na share kumfa a zani na fito. Na dubi Baban Lauya na ce, "Ni na ɓoye, kuma ka yi haƙuri. Tambaya ɗaya gare ni, Malam dillali. Farar motar nan, da lodinta take zuwa?"

"Hajiya, lodi ai na Allah ne."

"To biyan wata-watan fa, shi ma na Allah ne, ko namu?"

Bakanike ya fashe da dariya har da riƙe taya. Baban Lauya bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon dillali, mutumin da ya rantse masa inji ya gama yawo. Can ya ninke takardun ya sa a aljihu.

"Ka bari sai aiki ya buɗe," ya ce. "Tayoyin baya biyu kawai take so."

Da dillali ya tafi, ya juyo gare ni. "Mako biyu, Maman yara. Mako biyu ina kwanciya a ƙarƙashin mota kamar ƙadangare. Saura ƙiris ki sayar da ita da hannunki."

Gaskiyarsa ce. Kwana biyu yana amsa gaisuwata da hanci, kuma yanzu da takardun a aljihu yake yawo, har banɗaki.

Ke da mijinki ke tuƙa motar kansa, ki ji ni da kyau. Idan aiki ya tsaya, kada ki bar shi ya zauna shi da dillali da kunnuwansa biyu. Ki tsaya a gabansa ki faɗa masa sau uku, sau goma, har ya gaji ya ji. Kada ki ɓoye masa komai a mota. In kuwa kin ƙi ji, to ki cire makullin, ki naɗe gwangwanin da tsumma.