Ƙafafun Kaltume a Bakin Teku

Hamisu ya cuce ni. E, Malam Alhusaini, sunan ɗanka na kama, ɓaro-ɓaro, cikin zaurenka, kuma ban ji kunya ba. Tun ranar da kunka zo neman auren autata Raihana bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba, "mijin yarinya" nake cewa. Yau na faɗa. Aje casbahar nan ka saurare ni, kuma kar ka ce in yi haƙuri sai na kai ƙarshe.

Ka san Altine, taubashiyata, wadda muke katanga ɗaya nan Bangi. Tun shekarar da ɗanta ya kai ta Yamai aikin ido, ta tsaya bisa kadarko anka ɗauke ta hoto, kogi shimfiɗe a bayanta, ba wanda ya sake hutawa a unguwarmu. Hoton na rataye saman gadonta, duk baƙuwar da ta shiga sai an nuna mata shi kafin a ba ta hura. Ko zancen tsadar tattasai ake, sai Altine ta gyara kallabi ta ce, "Mu da munka ga ruwa..." In na buɗe baki ta ce, "Kaltume, yi shiru. Ke iyakarki korama, ita ma sai an yi ruwan sama."

To, da Raihana ta haihu a Kwatano anka aiko in zo wankan jego, na leƙa ta katanga na ce, "Altine, zan tafi in gaida uwar kogin naki."

Ta ce, "Teku? Ke da ake riƙe wa hannu in za a ƙetare koramar Tarka da damina? Sai na gani a hoto. Fuska da zane, ruwa a baya. In ba haka ba, kin dai je kin dafa ruwan zafi kin dawo."

Na ce, "Ki share wuri kusa da naki."

Ba zan cika ka da labarin hanya ba. Mota ta wahalshe mu, duwan, wato ƴan kwastan, sun sauke mana kaya sun maida, ƙafafuna sun kumbura kamar kabewa. Amma mun isa. Kwatano gari ne da zufa ba ta bushewa, gishiri na narkewa cikin kwano shi kaɗai, kabu-kabu masu rawayar riga kuwa kamar fari a gonar gero. Na iske jikana ƙato, mai goshin gidanku, Raihana lafiya lau.

Gaskiya ɗaya ce, ɗanka bai rage ni da komai ba. In ya taso daga rumfar albasa sai ya zo da nama, da itacen dafa ruwan wanka, da goro fari tas. Sai dai duk zamana a gidan ban ga fuskarsa ba. Daga bakin ƙofa shike tuɓe takalmi, shi durƙusa, shi gaida bango. "Inna, an wuni lafiya?" Bango kuwa ni ce. In mun yi kiciɓis a tsakar gida sai shi juya shi faɗa makewayi, ko ba abin da ya kai shi. Abin da na sani a jikin yaron nan ƙeya ce da diddige. A lokacin daɗi nake ji, ina cewa ɗiyata ta shiga gidan mutunci.

Ba mu kai arba'in ba anka aiko cewa ruwan shuka ya sauka a Bangi. Gonata ba ta jiran kowa. Na ce da Raihana jibi zan hau mota, amma ba ni barin garin nan sai na ga teku an ɗauke ni hoto. Ita mai jego ce, ba ta taka ƙofar gida. Saura wa? Na ji ɗanka cikin ɗaki shina mata magiya ƙasa-ƙasa, wai a nemi wata maƙwabciya ta raka ni. Na ɗaga murya daga inda nake na ce, "Maƙwabciya ce ta auri ɗiyata?" Da hantsi sai ga kabu-kabu biyu a ƙofa, ɗaya nawa, ɗaya nasa, don ba shi iya zama inda inuwata za ta taɓa shi.

Na ɗaura sabuwar atamfar da ya saya mini, na kafa kallabi, na ja kwalli har gefen ido.

Malam, ka taɓa ganin teku? Ba ka taɓa ba, to bari in gaya maka. Kafin ka gan shi za ka ji shi, kamar hadari na gunguni nesa, amma sama garau. Munka haura wani tudun rairayi, sai ƙasa ta ƙare. Wallahi ta ƙare! Na nemi wancan gefen ban samu ba. Na san tabkin Keita, na ƙetare kogi a Gaya a hanyar zuwa, duka biyun in ka zuba su ciki ko ji ba zai yi ba. Na tsaya ina salati, sai ga ruwan ya miƙe tsaye, fari fat, ya nufo ni. Na tattare zane na zura da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Na waiwaya, ashe ya koma. Na matso, ya sake korata. Karo na gaba na ce masa, "Kai, baƙuwa ce ni, daga Adar na zo, haka ake tarbar mutane a garinku?" Na kafe ƙafa. Ya zo ya nannaɗe mini sawu, sanyi ƙalau, ya janye rairayin da ke ƙarƙashina a hankali kamar mai wasa da tsohuwa. Na yi dariya har kwallina ya zubo.

Can gaba masunta sun jeru suna jan wata igiya mai kauri, maza da mata, suna waƙa da yarensu. Wata ƙatuwar mace mai guntun zane ta yafuto ni. Ban ji abin da ta ce ba, ita ma ba ta ji nawa ba, amma igiya igiya ce, wanda ya ja guga a rijiyar Bangi ba a koya masa. Na kama. Suna waƙarsu ina amsawa da waƙar daka, munka yi ta ja har taru ya fito, kifi na tsalle kamar an watsa azurfa a rana. Matar nan ta zaɓi ƙato guda ta ɗora mini a hannu biyu. Wani ya sare kan kwakwa ya miƙo mini, na sha ruwanta a tsaye. Tun da uwata ta haife ni ban yi yini irin wannan ba.

Duk abin nan ɗanka na can nesa, waya a hannu. Ina ƙwala masa kira.

"Ɗauki nan, ruwa a bayana!"

"To, Inna."

"Ɗauki da kifin!"

"An ɗauka, Inna."

Na lura in ya ɗaga wayar sai shi kauda kai gefe. Na ce a raina rana ce ke kashe masa ido, ko kuwa haka masu sanin abin suke yi. Mi na sani game da hoto? Ni dai na tsaya ƙyam, na buɗe haƙora, har da riƙe ƙugu irin na Altine.

Washegari ya kai anka wanke hotunan. Da yake ba shi iya miƙa mini abu hannu da hannu, sai ya cusa ambulan ɗin tsakiyar buhun tsaraba, anka ɗaure buhu anka jefa saman mota. Raihana ce ta gaya mini suna ciki. Duk tsawon hanya ina zaune ƙarƙashinsu, ina tsara kalmomin da zan gaya wa Altine.

Na sauka Bangi da la'asar. Ban ko kwance ɗankwali ba mata sunka cika gidan, ana sannu da zuwa, ana ina jinjiri. Altine ta shigo ƙarshe, tana jan takalmi, ta zauna tsakiyar tabarma.

"To, mai teku. A gani."

Na kwance buhu, na zaro ambulan, na miƙa mata ba tare da na buɗe ba. Na ce, "Ke ce babba a sanin ruwa, fara."

Ta zaro na farko. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi.

"Ƙafafun wa ke nan?"

Na fizge. Malam, ƙafafu ne. Ƙafafu biyu cikin kumfa, da bakin atamfa kaɗan. Na ce kuskure ne, a ciro na biyu. Ƙafafu, sun juya hagu. Na uku ƙafafu da wutsiyar kifi. Akwai hoton da ya ɗaga hannu ya yi yawa, sama ce zalla da ɗan kunnen kallabina a ƙasa kamar ganye. Akwai guda mai kyau na gaske, teku shuɗi, jirgin ruwa can nesa, ba kowa ciki. Fuskar mutum ɗaya ce ta fito a duk tarin, ta ƙatuwar matar nan mai igiya, baki buɗe tana dariya.

Altine ta ɗaga shi sama ta nuna wa mata. "Allahu akbar! Ku ga yadda ruwan teku ke gyara mutum. Kaltume, kin yi ƙiba, kin yi wushirya!"

Gidan ya ɗauka da dariya. Har wadda ke goye sai da ta zauna ƙasa.

Na ce ai ba hoto kaɗai na kawo ba. Na jawo ɗan bidon, ƴar jarkar da na cika da ruwan teku, na zuba mata a ludayi. Ta kurɓa, ta yamutse fuska, ta tofar.

"Ruwan randa da gishiri. Wanga ko ni ina haɗa miki shi yanzu, ba sai na hau mota ba."

Nan take na sa anka kira Kwatano da wayar maƙwabta, anka buɗe murya kowa na ji. Da na gaya wa Raihana abin da ke cikin ambulan, ta yi ta dariya har jinjiri ya farka. Wai ɗanka ma bai duba su ba, don kar shi kalli fuskata ko a takarda. Wai mai wankin hoton ya tambaye shi ko takalma shike saidawa. Na ce ba dariya na kira ba, ba shi wayar. Ya karɓa, ina jin sa'ad da ya durƙusa, can Kwatano, gaban waya.

"Inna, an sauka lafiya?"

"Ban sauka ba! Gaya wa matan nan inda ka kai ni."

"Bakin teku, Inna."

Na dubi Altine. Ta matso, ta sassauta murya kamar mutuniyar kirki.

"Ɗana, ni ce Altine. Tsakaninka da Allah nake tambaya. Ka gan ta cikin ruwan nan da idonka?"

Ana jin kabu-kabu na wucewa a can.

"Na dai ji muryarta, Gwaggo."

Shi ke nan, ya binne ni. Yanzu ko rijiya na je sai wata ta dubi ƙasa ta ce, "Sannunku da zuwa, ya teku?" Ƙafafuna ake gaidawa, Malam, ni ba a ko kallona.

Kuma kar ka zaci Altine ba ta gane su ba. Tare munka tashi, ita ke ƙunsa mini lalle tun muna ƴan mata, tabon hauyar da ke babban yatsana a gabanta na same shi, ga shi nan ɓaro-ɓaro a hoton. Ta sani sarai. Jiya ina tankaɗe ta leƙo ta katanga, ba kowa kusa, ta ce, "Wai da gaske ba a hango wancan gefen?" Na ce ba a hangowa. Sai ta ce, "Ƙarya ne. Sai dai in ni na tsaya wurin da kaina." Ka ji inda tsohuwar ta nufa.

To, ga abin da ya kawo ni. Kai ka haife shi, kai ka ɗura masa kunyar nan har ta yi masa yawa, kai za ka ɗauki kayan. In an gama girbi, kamyon albasa na farko da zai tashi daga Madawa zuwa Kwatano, ina son wuri biyu gaban mota, nawa da na Altine. A kai mu bakin ruwan nan. Raihana ta riƙe waya, tunda ita tana iya duban uwarta. Ɗanka shi tsaya baya shi riƙe mana takalma, shi kalli duk inda ya ga dama. Ina son in ga idon Altine sa'ad da ruwan zai miƙe tsaye, in ga ko ƙafafun da sunka taka kadarkon Yamai sun iya gudu.

Dariya kake, Malam? Yi ta ka gama. Ga waya nan cikin aljihunka, ina ganinta. Kira shi yanzu ina zaune, shi amsa mini da bakinsa, don ba ni tashi daga tabarmar nan sai na ji ranar tafiya.