Jan Biro

Likitar ta zazzage ledar a kan tebur, kwalaben allura goma sha biyu suka gangaro, duk babu komai a ciki.

"Wa ya rubuta mata wannan?"

Tela ya juya ya dubi Direba, surukinsa. Direba ya dubi ƙasa. Bayan labule 'yar Tela tana kwance, kwana goma sha biyu da yi mata aikin haihuwa, ɗinkin ya kumbura yana tsatso ruwa, jikinta kamar dutsen guga.

"Layin ganin likita ne ya yi tsawo ranar," in ji Direba. "Da na karɓo takardar gwajin sai na wuce wurin Dokta."

"Wane dokta?"

"Mai kemis ɗin bakin tasha."

Likitar ta shimfiɗa takardar, ta sa yatsa. An ɗebi ruwan ciwon, an shuka ƙwayar cutar, an gwada ta da magani takwas. Biyun da suka kashe ta an rubuta su da baƙi. Shidan da ta fi ƙarfinsu an rubuta su da jan biro, don mai karatu ya kauce musu.

"Kwana shida ana ɗura mata na jan," ta ce. "Da ruwan famfo kuka ba ta, da ko zafin allura ta huta. Yanzu za mu fara daidai. In zazzaɓin bai sauka jibi ba, sai an sake buɗe ta."

Tela ya ninke takardar ya fita. Bai jira mota ba.

Kemis ɗin cike yake. Dokta na tsaye cikin farar riga mai aljihu uku, wadda Tela da hannunsa ya ɗinka masa bara. Ashe rigar ce digirin nasa.

"A'a, Baba Tela! Ya mai jiki?"

"Karanta min nan."

"Ai na karanta. Na ja su ne masu ƙarfi, shi ya sa aka ja hankali a kansu. Na zaɓar mata wanda ya fi duka, ɗan waje."

"Ƙarfi! Dambe aka ce maka za ta yi?" Tela ya buga kanta, kwalaye suka zube. "Shekara arba'in ina ɗinki ban taɓa sa almakashi a yadi ban yi awo ba. Kai an yi maka awon, an rubuta, an damƙa maka, ka yanka a gurguje. Yadin kuwa 'yata ce!"

"Baba, a yi haƙuri, kowa da kwanansa."

Wannan maganar Tela ya san ta. Ita aka gaya masa shekara shida da suka wuce, a bakin wani gadon, lokacin da aka ja mayafi a kan uwar yarinyar. Ya kama aljihun farar rigar ya finciko. Ɗinkin bai ba da kai ba. Aikinsa ne.

Yana fita ya ji wani a bayansa yana cewa, "Dokta, mura ce, a ba ni mai ƙarfi."

Da ya koma asibiti nas ta kawo maganin na kwana bakwai, farar ƙwaya tsohuwar yayi, irin wadda ake gani a ƙasan kowace durowa. 'Yar ta juya ta a tafin hannu.

"Baba, wannan ce kawai? Ba allura?"

"Ita aka auna miki. Sha."

Ya tsaya yana kallon maƙogwaronta har ta haɗiye.

Sai ga Direba ya ɗaga labule, yana haki, da sabuwar leda a hannu.

"Baba, Dokta ya ce a ba ka haƙuri. Ya ce a haɗa da wannan, kyauta ne. Ya ma fi wancan ƙarfi."

Shekara uku da auren, Tela bai taɓa kallon surukinsa ido cikin ido ba. Yau ya kalle shi, har Direba ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya karɓi ledar, ya ajiye a kan kujerar da ke gefen gado, ya zauna a kanta. Sannan ya ciro makullin shagonsa ya miƙa masa.

"Je ka rufe. Duk mai kaya ya jira kwana bakwai."